Rago Ya Cinye Mini Awo a Hanyar Gadarif

Na je Gadarif na sayo wa ƙanena abin sanyaya kwamfuta. Abin da ya aike ni daban, abin da na kawo daban.

Kafin yaƙi ƙanena yana da shagon wasan kwamfuta a Omdurman. Na taɓa shiga. Sanyi kamar cikin randa, kwamfutoci a jere, kowace da fitilu masu launi a cikinta. Da yaƙi ya zo, ya fito da matarsa da kwamfuta ɗaya a naɗe cikin bargo. Ba wadda ta fi kyau ya ɗauko ba, wadda ta fi kusa da ƙofa ce. Ya zo wurina a ƙauyenmu, gefen Ƙala'at an-Nahal. Na ba shi bukka a bakin hanya, muka haɗa masa sola da batir. Yana cajin wayoyi, yana kunna wasan ƙwallo, mutane suna biya suna bugawa. Lokacin yankan riɗi shi ne kasuwarsa, don 'yan ƙwadago sun cika gari kuma aljihunsu da nauyi.

Matsalar zafi ce. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan ƙarfe mai faɗin akwatin ashana, ƙanena yana ce masa furosesa. Shi ne ƙwaƙwalwar. Idan wasa ya ɗau zafi shi ma sai ya ɗauka, kuma 'yar fankar da ke kansa ba ta iya masa. A Omdurman sanyin shago yana rufa mata asiri. A bukkarmu babu mai rufa mata. Ana tsakiyar wasa, mutum ya tasar ma raga, sai allo ya yi baƙi. Daga nan rigima. Wanda ake ci ya ce Allah ne ya yi hukunci, wanda yake ci ya ce a maido masa kuɗinsa.

Wata rana ƙanena ya dawo daga kasuwa da fitilar goshi, irin wadda ake ɗaurawa a kai. Ya ce idan kwamfutar ta ƙone, ramin zinariya zai tafi. Na san fitilar. Na yi ramin zinariya. Ya rufta da mu, na fito, na bar gaɓar yatsana na tsakiya a can. Wasu ba gaɓa suka bari ba, su ne suka zauna. Ban yi masa wa'azi ba. Na sayar da riɗi, na ce ya gaya mini abin da kwamfutar take buƙata. Shi ba ya son hanya, takardunsa sun ƙone a Omdurman, shingaye kuma suna da tambaya.

Ya ce abin sanyayawa iri biyu ne, na ruwa da na iska. Na ruwa yake so, irin wanda manyan kwamfutocinsa suke da shi da, mai fitilu. Idan ban samu ba, in ɗauko na iska, amma kada tsayinsa ya wuce kaza, in ba haka ba murfin akwatin ba zai rufu ba. Ya faɗi lamba. Na ce ni ba na riƙe lamba, ya yanko mini kara, yadda mahaifiyarmu take auna ƙafarmu idan za a sayo takalman salla. Ya yi dariya, ya je bayan bukka ya yanko ɗanyen karan dawa. Ya zura shi cikin akwatin daga kan furosesa zuwa bakin murfi, ya datse. Da ya ɗora mini a tafin hannu, karan ya kwanta daga layin wuyan hannuna zuwa kan guntun yatsana.

Ya ce, "Yaya, ashe rami daidai da akwatina ya yanke ka."

Matarsa ta yi dariya. Ni na sa karan a aljihu. Ya kuma ɗauki hoton cikin kwamfutar da wayata, ya ce in nuna wa mai shago.

Mun tashi da asuba, ni da taubashina. Makaniken tarakta ne, zai sayo bel. Tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, kuma ba mu taɓa tafiya ba tare ba. Muka hau bayan bokasi, wato a-kori-kura, tare da buhunan riɗi, da 'yan ƙwadago, da wata tsohuwa mai rago. Kuɗin mota ya tashi sosai a kan na bara. Direba ya ce mai ne. Kowa ya ce mai ne, har mai jaki.

Hanyarmu baƙar laka ce. Da damina tana riƙe mota kamar danƙo, yanzu ta bushe ta tsattsage, sawun taraktocin damina ya daskare a kanta. Ba tafiya ake yi ba, tsalle ake yi. Amma safiyar ta yi kyau. Duwatsun Ƙala'a suna bayanmu, hasken rana yana sauka a kansu. Hagu da dama an yanke riɗi an jingina shi dami-dami yana shan iska. Dawa ta fid da kai, ta sunkuya. Habashawa masu yanka suna tafe a layi, kowa da laujensa da jarkar ruwa, wasu suna waƙa. Muka bi gefen tsohon layin dogo wanda ciyawa ta cinye. Na daɗe ban ga amfanin gona ya yi haka ba. Raina ya yi fari.

Taubashina ya fara tun kafin rana ta yi zafi. Ya ce maganar ba ta buƙatar shawara. Duk injin da ya amsa sunansa ruwa yake sha. Tarakta ruwa, babbar mota ruwa, injin niƙa ruwa. Wa ke shan iska? Babur da ƙaramin janareta. Ya ce mu sayi na ruwa, kullum da safe a cika shi daga randa mai sanyi, idan rana ta take a ƙara ƙanƙara. 'Yan ƙwadago suka goyi bayansa. Ɗaya daga ciki ya ce shi dai a kawo ko mene ne, don an taɓa kashe masa wasa yana gaba da ci biyu, har yau bai huce ba. Ni ma a raina na ruwan ne. Ina riƙe da ƙarfen mota da hannu biyu, ragon tsohuwa yana jingine da cinyata. Na ɗauka so ne.

Inda hanyar ƙasa ta haɗu da kwalta akwai mai shayi a ƙarƙashin bishiya. Muka sauka. Ta kawo jabana, gahawa mai citta da take ƙona maƙogwaro, da zalabiya, irin fankensu, mai zafi an barbaɗe ta da sukari. Na ci na ƙoshi. Na sa hannu a aljihu zan biya, sai na taɓo karan. Ya gajarce. Na fito da shi. Kansa a tattaune, da yawu.

Na dubi ragon. Yana kallona, yana tuƙa.

Na nuna wa tsohuwar. Ko a jikinta. Ta ce ragonta ba ɓarawo ba ne, tun Ƙala'a nake miƙa masa ɗanyen kara a hanci, ya daure iya daurewarsa. Taubashina ya yi dariya har jabana ta fito masa ta hanci.

Ya ce, "Sai mu saye ragon, mu kai shi shago a auna cikinsa."

Duk wurin aka kwashe da dariya, har mai shayi. Na kira ƙanena. A ƙauyenmu waya ba ta shiga sai an hau dutse, shi kuma yana bukka. Ba ta shiga ba. Taubashina ya ce in kwantar da hankalina, Allah ne ya aiko ragon. Na ruwa ba ya buƙatar kara. Yanzu magana ta ƙare.

A kan kwalta mota ta huta, ƙashinmu ya huta. A shingaye aka duba takardunmu, aka duba buhuna, aka ce mu wuce. Tun daga nesa muka hango dogayen rumbunan siminti na Gadarif, inda ake tara hatsi. Manyan motoci sun yi layi da lodin riɗi da dawa.

Garin ya cika. Na san Gadarif tun ina saurayi, amma ban taɓa ganinta haka ba. Mutanen Khartoum da na Madani da yaƙi ya koro sun zauna, kuma ba zaman banza suke ba. Wannan ya buɗe wurin gahawa, wancan yana soya kifi, mace da gilashi a ido tana sayar da turare a kan tebur. Rakshoshi, wato kekunan haya masu ƙafa uku, suna kutsawa ko'ina da fitilu da kiɗa. Kuɗin hannu ya yi wuya, kowa da wayarsa yake biya, har mai albasa. Muka ci ful a wata rumfa, waken ya nuna luguf, an kwarara masa man riɗi. Abin da muka biya, a da zai ciyar da gida. Amma man na gaske ne, mai rumfar ya ce raƙumi ne ya matse shi a bayan kasuwa. Na yarda, don na ji a harshena.

Taubashina ya sayi bel ɗinsa bayan ya zagi kayan mai shagon, mai shagon ya zagi taraktarsa, suka rabu suna dariya. Sannan muka shiga layin masu waya. Shagon farko suka ce babu. Na biyu ya fito mini da wani faranti mai fanka da ake ɗora ƙaramar kwamfuta a kai, ya rantse shi ne. Na nuna masa hoto, ya mayar da farantinsa. Na uku ya ce in sayi fankar tsaye in buɗe akwatin in saita ta. Na ce mun gwada, ƙaiƙayi ta tura ciki. Shi ne ya nuna mana wani lungu, ya ce mu tambayi Bashmuhandisa, haka suke kiran injiniya.

Shagon bai fi faɗin gado ba. Mace ce, ta kai shekarun matar ƙanena, ta fito daga Khartoum ita ma. Tana zaune da sukundireba a hannu, cikin wata kwamfuta a buɗe a gabanta. Na yi sallama da Larabci, na nuna hoto. Ta kalla, ta faɗi sunan furosesan, ta ce mai kyau ne, ba babba can ba, ba kuma ƙarami ba. Ta ce tana da iri biyun. Ta ɗora su a kan tebur.

Na ruwan ya yi kyau. Ba zan ɓoye ba. Lagireto siriri baƙi mai fanka biyu, tiyo biyu sun fito daga jikinsa zuwa wani kai mai zagaye. Ta haɗa shi da wuta, kan ya kama da launi, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore. Na tuna shagon Omdurman. Na tuna fuskar ƙanena a cikinsa. Na iskan kuwa tulin faranta ne na ƙarfe, sirara, an jera su kamar matsefi, bututun jan ƙarfe sun ratsa su, fanka ɗaya a gefe. Ba fitila. Kamar abin da ya faɗo daga tarakta.

Taubashina ya ɗauki lagireton yana jujjuya shi. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya ce mini da Hausa, wai an yi mana wayo, an cire murfin da ake zuba ruwa.

Matar ta amsa da Hausa. "Baba, ba a cire ba. Ba shi da baki."

Muka tsaya muna kallonta. Ta ce kakarta 'yar Mai Wurno ce, garin Hausawa da Fulani, a hannunta ta tashi. Sai aka sake gaisuwa daga farko, aka tambayi gida, aka tambayi damina. Ta aika aka kawo shayi.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ruwan da ke ciki an rufe shi tun daga masana'anta, ba a ƙarawa, ba a ragewa. A cikin kan nan mai fitila akwai ɗan famfo, shi ke zagaya ruwan. Ruwan ya kwashi zafi daga furosesa ya kai lagireto, fankoki su hure shi. Ta ce ko na ruwan ma a ƙarshe iska ce ke yin aikin, kuma iskar bukkarmu ce, ba wata ba. Babu wanda zai sa kwamfuta ta fi ɗakin da take ciki sanyi. Ta ce ga furosesa babba ƙwarai, na ruwa mai girma ya fi ɗaukar nauyi, kuma ba ya cika akwati ta tsakiya. Ga namu, kowanne ya isa.

Taubashina ya tambayi maganar ƙanƙara. Ta ce idan yana son ya ga ƙanena yana kuka, ya gwada. Ya ajiye lagireton a hankali. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin lagireton da ba a ba shi ruwa ba, wannan ba lagireto ba ne, gwangwanin kifi ne. Amma duk da haka ya ce a ɗauka, tunda shi yaron yake so, ga shi kuma rago ya cinye awo.

Ni tambaya ɗaya na yi. Na ce, "Idan ya mutu fa?"

Ta nuna na ruwan. Ta ce yana iya shekaru lafiya. Amma ran da famfon ya tsaya, ba a buɗe shi, ba a gyara shi, sai dai a sayi sabo gaba ɗaya, kuma ba ta san ko za ta sake samun irinsa ba, yadda hanya take yanzu. Yoyo ba kasafai ba, amma idan ya faru a kan kayan wuta yake faruwa. Ta nuna na iskan. Ta ce a jikinsa abu ɗaya ne ke motsi, fankar. Idan ta mutu, waya biyu ke riƙe da ita, a ɓalle a sa wata, ana samunta ko a tsohuwar kwamfuta. Ƙarfen ba ya mutuwa. Ƙura ce abokiyar gabarsa, ita kuma hurewa ake yi.

Kuɗina ya isa kowanne. Ƙanena na ruwa ya ce. Na ruwa ba ya buƙatar kara. Idan na ɗauke shi, na koma gida a yaba mini. Amma na ga ranar da famfon zai tsaya, a ƙauyen da babu Bashmuhandisa, da damina, hanya ta zama danƙo. Na ga fitilar goshi.

Na ce na iska nake so. Na fito da guntun karan. Ta kalle shi, ta kalle ni. Taubashina ya ba ta labarin ragon, ya ƙara masa ƙaho. Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Ta ɗauko wani ƙaramin na iska wanda ya yi daidai da abin da ragon ya rage. Ta ce wannan zai shiga ko ta yaya, amma bai fi wanda muke da shi da yawa ba. Babban shi ne magani, in ya shiga. Akwatin namu kuwa ba ta san irinsa ba, hoton bai nuna zurfi ba.

Sai maganar ƙanena ta dawo mini. Na shimfiɗa hannuna a kan tebur. Na ce ta ɗora gindin abin a kan layin wuyan hannuna. Ta ɗora, ta kwantar da shi a tafina. Kawunan bututun suka tsaya ƙasa kaɗan da kan guntun yatsana. Kaɗan ƙwarai.

Ta ce, "Baba, ban taɓa sayar da kaya da irin wannan awon ba."

Na ce, "Wannan rago ba ya cinsa."

Ta zaɓo ƙarafan ɗauri da suka dace da hoton. Ta ba ni ɗan man shafawa mai ruwan toka a cikin abu kamar sirinji, ta ce tsakanin furosesa da ƙarfen ake sa shi, kamar ƙwayar wake, kuma ta yiwu tsohon ya bushe, shi ne rabin ciwon. Ta ce in tuna wa ƙanena ledar da ke manne a gindin, a ɓare ta. Ta ce idan bai shiga ba in dawo da shi ta canza mini. Na gode. Amma na san kafin in sake zuwa Gadarif an gama riɗi, 'yan ƙwadago sun watse.

Da muka fito, na tsaya wurin masu kayan adon raksha. Na sayi igiyar fitilu masu launi, irin wadda ake haɗawa da batir. Taubashina ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Na karɓi ledata muka wuce.

Mun sauka gidan gwaggonmu. Gidan cike yake da baƙi, dangi da waɗanda suka zama dangi, kowane lungu da gadon igiya. Bayan la'asar muka fita bakin titi muka ci agashe, irin tsiren nan, a wurin wani Bahaushe ɗan unguwa, nama ya sha ƙuli da yaji, ga albasa da lemun tsami. Larabawa sun yi layi suna jira, yana yi musu tsiya suna biya. Gwaggo ta dama mana godo-godo na gero da nono. Ta matsa sai ta ga abin da ya kawo ni tun daga Ƙala'a. Na buɗe kwalin. Ta juya shi, ta ce wannan ai na kankare kuɓewa ne, kuma an cuce ni. Na rufe kwalina na sa a ƙarƙashin kai.

Washegari da asuba muka kamo hanya. A bayan bokasin akwai awaki. Na ƙara kuɗi na zauna gaba, kwali a cinya, hannu biyu a kai. Taubashina yana baya da awakin, ina jin muryarsa yana ba su labarina. Hadari ya taso ta gabas, direba ya yi ta kallonsa, don yayyafi kaɗan ya isa ya kwanar da mu a laka. Ya wuce ta kudu bai zubo ba. Iska mai ƙamshin ƙasa ta bi mu har muka hango duwatsunmu.

Ƙanena yana ƙofar bukka. Ya karɓi kwalin, ya buɗe, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Yaya, na ruwa na ce."

Na ce, "Na ji."

"Babu ne?"

"Akwai."

Ya tambayi karan. Na ba shi guntun. Taubashina ya karɓe labarin, yanzu ragon ya kai girman maraƙi. Matar ƙanena tana dariya, shi bai yi ba. Ya ce to da me na auna? Na ɗaga hannuna. Ya dube shi, ya kau da kai. Na gaya masa abin da Bashmuhandisa ta ce game da famfo. Ya ce ya sani, a Omdurman idan ɗaya ya mutu waya yake bugawa a kawo wani kafin azahar. Sai ya mayar da ido kan kwalin. Ya ji abin da ya faɗa.

Ya kwantar da kwamfutar a kan tabarma. Cikin bukka da duhu, sai ya ɗauko fitilar goshin nan ya ɗaura. Ya cire tsohuwar fankar. Man da ke ƙasanta ya bushe ya tsage kamar hanyarmu. Ya goge, ya ɗiga sabo. Na ce leda. Ya ce ya sani, amma na ga sai a lokacin ya juya gindin ya ɓare ta. Ya ɗaure ƙarafan, ya zaunar da abin, ya juya sukurori kaɗan-kaɗan, wannan gefe, wancan gefe. Ya maƙala fankar. Abin ya tsaya a tsakiyar akwatin kamar rumbu.

Saura murfi. Mutane sun taru a ƙofa. Ya ɗauko murfin ya zura a hankali. Na matso kusa ina kallo. Murfin ya tafi, ya tafi, ya ce ƙyas. Ƙanena ya haska ta ramukan gefe. Ya ce tsakanin bututun da murfin ƙwayar riɗi za ta wuce, amma sai ta yi azumi.

Ba mu jira yamma ba. A tsakiyar zafin rana ya kunna, lokacin da ta saba mutuwa. Ɗan ƙwadagon nan da aka kashe wa wasa yana gaba da ci biyu, wanda ya dawo tare da mu, shi ya zauna, da wani Bahabashe. Suka buga rabin farko. Suka buga na biyu. Aka yi kunnen doki, aka ƙara lokaci, aka je bugun fanareti. Allo bai ƙifta ba. Bahabashen ya ci. Mutuminmu ya juya yana neman wanda zai ɗora wa laifi, bai samu ba. Ya ce da ma ta mutu.

Ƙanena ya sa hannu a bayan akwatin, iska mai zafi tana fita tana dukan tafinsa. Ya bar hannun a wurin. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, abin dai ba shi da fitila. Na jefa masa ledar kayan raksha. Ya buɗe. Wannan karon ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun da ya zo. Kafin magariba ya naɗe ƙofar bukkar da ita. Yanzu daga kan hanya ana hango wurin yana ja yana kore kamar gidan biki. Taubashina ya ce ya fi na ruwan kyau, kuma wai tun farko shi ya ba da shawarar na iska.

Da zan tafi gida ƙanena ya cire fitilar goshin ya miƙo mini. Ya ce in riƙe, za ta yi mini amfani wajen duba shanu. Na karɓa. Ba mu ƙara magana a kai ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Idan kana zaune inda hanya take rufewa da damina, sayi abin da za ka iya buɗewa. Idan kana gari kuma furosesanka babba ne, sayi na ruwan, yana da kyau, na gani da idona. Kara kuma a sa shi a aljihun ciki.

Duk Juma'a ƙanena yana fito da kwamfutar waje, taubashina ya kawo famfon taya ya hure mata ƙaiƙayi, suna gardama a kan yadda ake riƙe shi. Ƙanena ya ce in nemo masa itace, yana so ya faɗaɗa bukkar. Ni ina gona, muna kakkaɓe riɗi. Fitilar tana rataye a ɗakina. Ƙanena yana ƙauye.